Edna Mai Kai Kava Vila

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin kaya daga tsibirin Pentekos zuwa babban birni Vila a cikin shekaru talatin ɗin nan, da wuya a ce bai ga Edna Matansue ba. Gajeriya ce mai jiki, kullum cikin doguwar riga mai furanni, da tawul a wuya, tana zaune a kan buhunan kava, saiwar da ake dakawa a jiƙa a sha, kamar kaza a kan ƙwai. Jirgin da ta fi shiga yana da sunansa na takarda, amma saboda nawarsa kowa Kunkuru yake ce masa, ita kuma ma'aikatan jirgin suna ce mata Maman Kunkuru.

'Yar kan tudu ce. A Lolsawa aka haife ta, ƙauyen da sai an yi tafiyar sa'a guda ana gangara kafin a kai bakin teku, kuma sai da ta shekara tara kafin ta sa ƙafa a ruwan gishiri. Mahaifinta ya rasu tana goye. Uwarta Lusia ce ta rene ta da saƙar jajayen tabarmi, irin waɗanda ba a aure ko jana'iza sai da su. Lusia ta yi iyakar ƙoƙarinta ta koya mata saƙar, hannun Edna ya ƙi. Abin da take da shi baki ne da riƙe magana, in ta ji abu sau ɗaya ya zauna.

Tana da shekara ashirin ta auri Jonas, dogon mutum mai faɗin kafaɗa wanda za a wuni tare da shi a gona ba a ji kalma goma daga bakinsa ba. Gonar kavarsa ta fi ta kowa kyau a gangaren. Shekara ɗaya da aure ya haƙe buhu ashirin da huɗu, ya ce shi zai kai Vila da kansa, ya gaji da sayar wa 'yan sari a bakin ruwa. Edna ta bi shi don ta ga birni.

Tun kafin su wuce tsibirin Ambrim Jonas ya kwanta. Ya yi aman abin da ya ci, ya yi na abin da bai ci ba, ya rungume wani buhun gwaza ya rufe ido, kwana biyu bai ɗaga kai ba. Da suka isa Vila sai da mutum biyu suka kama shi ya sauka. Masu saye suka zagaye buhunan, suna duba wa za su yi ciniki da shi, ba kowa sai wata yarinya da tawul a wuya. Wani daga cikinsu ya tauna ɗan guntu ya tofar, ya ce ai wannan baragurbin kava ce mai sa mutum ciwon kai kwana biyu. Edna ta karya saiwa mafi kauri ta kai masa hanci, ta gaya masa shekarun itacen, da gangaren da ya fito, da sunan kakan da ya fara dasa irin, ta ƙara da cewa in hancinsa ya toshe ya matsa wa masu hanci. Kafin la'asar ba buhu ko ɗaya a ƙasa.

Da suka dawo gida Jonas ya zauna a kan yashi ya daɗe, sannan ya ce mata shi da teku sun rabu ke nan, ba faɗa, ba gaba, kowa ya tsaya a wurinsa. Da lokacin haƙa ya sake zagayowa, Edna ita kaɗai ta tafi.

An sha surutu a kan wannan. A nakamal, inda maza suke taruwa shan kava, an daɗe ana tambayar Jonas ko maigidansa ya dawo daga tafiya. Shi dai murmushi yake yi ya miƙa ƙoƙonsa. Da aka haifi 'yarsu Filis, daga baya kuma ƙanenta Amos, shi ne mai wanka da ɗauka in uwar tana teku, tare da Lusia da ɗakinta yake sama da nasu kaɗan.

Wannan reno na mutum biyu abin kallo ne, don tsakanin mutum da uwar matarsa akwai kunyar da ba a wasa da ita a gangarenmu. Ba ya faɗin sunanta, ba ya tsayawa a kanta in tana zaune, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu, in sun yi kiciɓis a hanya shi ne mai faɗawa ciyawa. Taɓa jikinta kuwa ko a mafarki. To ga yara a tsakani, dole a yi magana. Sai suka riƙa aika Filis, tun tana jaririyar da ba ta san ko sunanta ba. Lusia ta dubi jaririyar ta ce ta gaya wa babanta ruwan wankan ya yi zafi. Jonas ya dubi jaririyar ya ce ta gaya wa kakarta an ji, za a sirka. In yaran suna barci, bango ake gaya wa, ko karen gidan. Haka suka yi shekara ashirin da wani abu, ba a taɓa jin kansu ba.

A farkon tafiye-tafiyen, hanyar da Edna take jin gida ko gida ya ji ta guda ɗaya ce. In ta sauka Vila ta je gidan rediyo ta ba da saƙo, a karanta bayan labarun rana, ƙasa duka tana saurare: a gaya wa Jonas na Lolsawa matarsa ta sauka lafiya, kaya ya shiga, jirgi zai taso ran Litinin, a zo bakin ruwa da mutum shida. Amsa babu. Ko yaro ya yi zazzaɓi, ko alade ya fasa shinge, sai ta dawo take ji.

Daga baya aka sa oba-oba a ɗan asibitin da ke ƙauyen gaba da su. Kyaftin Obed, wani mutumin tsibirin Tongoa mai furfura a gira wanda yake tuƙa Kunkuru, ya yarda in ƙarfe huɗu ta yi Edna ta shigo ɗakin tuƙi ta yi minti biyar a kan ta jirgi. Jonas kuma ya yi tafiyar sa'a biyu da Amos a wuya ya je ya jira. Matsalar oba-oba, duk jirgin da ke kan ruwa da duk asibitin da ke da irinta suna ji. Jonas da ko a ɗaki magana wuya take masa, sai ya riƙe abin kamar garwashi, ya ce aladu lafiya, yara lafiya, an yi ruwa, oba. Wata rana Edna ta gaji, ta ce ta ji na aladu, shi fa yaya yake? Shiru ya yi tsawo har Kyaftin ya fara murɗa maɓalli yana zaton layin ne ya yanke. Can sai ga muryar Jonas ƙasa-ƙasa.

"Gidan ya yi faɗi, Maman Filis. Oba."

Kafin ta amsa, wani matuƙi daga can wajen tsibirin Santo ya shigo layin ya ce Allah sarki, a taimaka a mayar wa bawan Allah matarsa. Wata malamar asibiti a wani tsibiri ta kwashe da dariya har da tari. Shekara guda cur in Edna ta hau jirgi sai ma'aikata sun tambaye ta faɗin gidan. Tana zaginsu tana dariya, amma ranar da aka faɗi maganar sai da ta koma bayan buhuna ta goge ido da tawul.

Sannu a hankali masu yi wa Jonas ba'a suka fara aiko da nasu buhunan. Har ta kai gida goma sha ɗaya Edna take kai wa kaya, kowane buhu da sunan mai shi da jan fenti. Aikin kuma na gaggawa ne, don ɗanyar kava in an haƙe ta ba ta jira, mako guda ta fara baƙi tana wari. Saboda haka maganar da Edna take aikowa daga teku ta zama abin da ƙauye yake jira: a haƙa ko a dakata, Vila ta cika da kaya ko ana nema, jirgi zai tsaya a gaɓarmu ko teku ta hana. Ga saƙonnin saye kuma. Wannan allurar keke, wannan takalmin makaranta, tsohon limamin coci gilashin ido, wata amarya tukunya mai murfi. Ba ta rubutawa. In ta dawo ta zauna a kan yashi tana kiran suna tana miƙawa, kuma ba a taɓa jin ta kawo wa wani abin wani ba.

Da wayar hannu ta zo, Edna ce ta fara kawo ta Lolsawa, guda biyu, ɗaya tata ɗaya ta gida. Sai dai ƙarfen sabis ɗin yana can nesa, ƙauyen kuma a cikin kwari yake. Wuri ɗaya ne waya take kamawa, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro a ƙolin tudun da ke bayan coci, hawan minti arba'in ga mai ƙarfi, a kan jar laka mai santsi. A teku ma haka. Edna ta san hanyar kamar tafin hannunta ta wannan fuskar: da an bar kudancin Pentekos waya ta mutu, a gefen Ambrim ta ɗan farfaɗo ta sake mutuwa, sai washegari da hantsi in jirgi ya zo hancin tsibirin Epi ta kama sosai na kamar rabin sa'a, daga nan shiru har a hango Efate, tsibirin da Vila take. Ta san ma inda ake tsayawa, a hau buhuna kusa da bututun hayaƙi a juya baya ga iska. Jonas ya koyi lissafin tafiyar Kunkuru har ya fi Kyaftin. In jirgi ya tashi Talata, Laraba da hantsi yana ƙarƙashin mangwaro da waya a hannu, ya riga ya share gumi ya huta.

Shekarar da babbar guguwa ta kwashe rufin ƙauyen, Lusia ta haura tamanin. Sun kwana uku a cikin coci da jiƙaƙƙun kaya, sanyi ya shige ta, tari ya kama ƙirjinta ya ƙi saki. Malamin asibiti ya zo ya duba, ya ba da magani, ya ja Edna gefe ya ce a dai riƙa ba ta abin da take so. Wata guda ba ta taka ƙasa ba. Ta rame har Edna da hannu ɗaya take juya ta.

A daidai lokacin ne kavar da guguwa ta kayar ta zama dole a haƙe ta kafin ta ruɓe a ƙasa. Gida goma sha ɗaya suka haƙa, kowa kuma kwanon rufi yake jira, don har lokacin a ƙarƙashin tamfol ake kwana. Edna ta ce ba za ta je ba, a nemi wani. Aka duba, babu wanin. Samarin ƙauyen, har da Amos, suna can ƙasar waje tsinkar 'ya'yan itace. Filis ga ciki wata takwas. Lusia ta ji ana ta muhawara a ƙofar ɗaki, ta kira Edna ta tambaye ta ko zamanta a gefen shimfiɗa zai rufe wa mutane ɗaki. Ta ce ta tashi ta tafi, ita ba inda za ta je kafin jirgi ya dawo. Edna ta san uwarta, ta san kuma ba ta yin alkawarin da take da tabbacinsa da irin wannan muryar. Duk da haka ta ɗaura tawul ta gangara.

Laraba da hantsi teku ta kwanta luf. Tun kafin a hango hancin Epi Edna ta hau buhuna ta tsaya, wayar tana hannunta tana kallon fuskarta. Sandar sabis ɗaya ta fito, ta ɓace, ta dawo da ta biyu. Ba ta kai ga danna lamba ba wayar ta yi ƙara.

Da farko numfashi kawai take ji, mai nauyi, irin na wanda ya yi gudu. Ta kira Baban Filis sau biyu. Da ƙyar ya iya haɗa magana.

"Ga kakar su Filis. Yi magana da ƙarfi."

Edna ta zaci ba ta ji daidai ba. Sai ga wata siririyar murya da ta sani tun kafin ta san komai, tana tambaya ko abin nan yana aiki, ko ita kaɗai take magana kamar mahaukaciya.

"Inna? Inna, a ina kike?"

"Ina za a same ni in ba a gindin mangwaronku ba? Ashe haka wurin yake da iska."

"Wa ya kawo ki?"

"Doki na hau," in ji Lusia. Ta yi tari mai tsawo, Edna tana jin ana bubbuga mata baya a hankali. "Dokin naki duk ƙashi ne, ba kya ba shi abinci. Haƙarƙarina duk sun yi tsami."

Sai daga baya Filis ta ba ta labarin yadda aka yi. Da safen tsohuwar ta farka idonta garau, ta ce ba za ta ga Lahadi ba, kuma tana da magana da 'yarta. 'Yan mazan da suka rage duk sun tafi ƙauyen gaba ɗaga ginshiƙan makaranta. Jonas yana tsugune a waje yana gyara igiyar tamfol. Lusia ta juya ta fuskanci bango, ta ce a gaya wa Baban Filis ya shigo ya juyo da bayansa. Jonas ya daɗe bai motsa ba. Sannan shi ma ya gaya wa bangon cewa an ji. Ya shigo da baya da baya, ya durƙusa, Filis ta ɗora masa ita ta ɗaure su da zane kamar goyon jariri. Sau uku yana zamewa a laka, yana faɗuwa a kan gwiwa da tafin hannu don kada ta taɓa ƙasa. Matan ƙauye da suka gan su suka juya baya, kamar yadda ake yi in an ga abin da bai kamata a gani ba, wasu suna kuka.

A kan buhunan kuwa Edna ba ta san wannan duka ba, amma ta gane. Ta ce za ta sauka a Epi ta nemi kwalekwale mai inji ta juyo. Lusia ta ce kul. Kayan mutane a hannunta yake, ta kai, ta sayar, ta sayo kwano, kada ta bari a yi mata wayo don an ga idonta ja. Ta ce akwai tabarma a saman ɗaki naɗe cikin shuɗin ƙyalle, da ita za a naɗe ta, kada a bar ƙanwarta ta zaɓo wata don ba ta da ido. Tabarmar da ba ta gama saƙawa ba a ba Filis, ita hannunta ya fi na uwarta. Ta lissafa waɗanda za a ba kajinta. Edna tana ta cewa to, Inna, to, hawaye yana shiga mata baki.

Sai ta duba wayar ta ga sanda ɗaya ta rage. Hancin Epi ya fara komawa baya. Ta juya wajen ɗakin tuƙi, ba ta ma san me za ta ce ba, ta dai ɗaga wayar sama. Kyaftin Obed, wanda ya tsufa har sai da kujera yake tuƙi, ya leƙo ta taga ya dube ta. Wata mata da ke kusa ta faɗa masa abin da ake ciki. Ya mayar da kansa ciki. Aka ji ƙarar inji ta sauka, jirgin ya karkata a hankali, ya fara zagaye a wuri ɗaya. Fasinja sun fi sittin a saman jirgin, da masu sauri da masu marar lafiya, ba wanda ya tambayi dalili. Wani mai rediyo ya kashe rediyonsa.

Muryar ta dawo tar. Lusia ta ce ita fa ba ta taɓa shiga jirgi ba, Edna ta gaya mata abin da take gani. Edna ta share fuska ta duba. Ta ce ga Epi kore shar a hagu, ga farin yashi, ga wasu yara biyu a cikin kwalekwale suna ɗaga hannu. A baya ga dutsen Lopevi, gajimare ya sa masa hula. Ruwan shuɗi ne har ya yi duhu, ga kifaye masu fiffike suna tashi a gaban jirgi kamar an watsa tsaba. Tsohuwar ta ce ashe da kyau. Sannan ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya mata ba.

"Tun ranar da kika fara tafiyar nan, in kina kan ruwa ba na cin kifi. Ko kaguwa, ko gishirin teku. Na ce kada in ci nata ta ci nawa."

"Inna, shekara ashirin da bakwai?"

"Limami ya ce camfi ne. Na ce to. Ai ga shi kullum kina dawowa." Ta ja numfashi. "Yanzu sai ki nemi mai yi miki. Na gaji, 'yar nan. Karɓi mijinki."

Edna ta ji lokacin da uwarta ta ce ungo, ta kuma ji Jonas ya ce na karɓa, kai tsaye, ba bango ba kare. Bai iya ce wa matarsa komai ba sai cewa zai sauko da ita a hankali. Ta ce ta sani. Ta sauke wayar ta ɗaga wa Kyaftin hannu, inji ya tashi, Kunkuru ya miƙe hanya. Matar da ke kusa ta jawo ta ta zaunar a kan tabarmarta, ta ɓare mata ayaba, ta riƙe mata hannu har rana ta karkata.

Lusia ta cika ran Juma'a da rana. Saƙon ya sami Edna a tashar jirgi ta Vila, tana tsakiyar ciniki. Ta karanta, ta sa wayar a aljihu, ta ƙarasa cinikin, sannan ta tafi bayan wani tarin katako ta zauna ta yi kukanta. Tsoffin abokan cinikinta, har da ɗan mutumin nan da ta taɓa ce wa hancinsa ya toshe, suka haɗa mata buhunan shinkafa na zaman makoki suka kai har cikin jirgi. Ta sayi kwanon gida goma sha ɗaya. Ba ta sami jana'iza ba, ta dai iso ana gobe taron kwana goma.

Jonas yana bakin ruwa yana dogara sanda, gwiwoyinsa duka biyu a ɗaure. Bayansa bai sake miƙewa kamar da ba. Ya karɓi jakarta, ta ƙwace, ta ce wanda ke tafiya da ƙafa uku ba ya ɗaukar wa mai biyu kaya. Suka hau tudu a hankali, su ne na ƙarshen isa.

Bayan an watse daga taron, Jonas ya ɗauki jar tabarma ya ja alade mai haure ya kai gaban Barnabas, yayan Lusia, wanda shi ne babba a dangin. Ya durƙusa ya ce ya keta abin da ba a ketawa, ya zo wanke laifi. Barnabas, tsoho mai kunne ɗaya da ke ji, ya sa aka maimaita masa. Ya karɓi tabarmar ya shafa ta, ya ce wannan ta al'ada ce, ta zauna. Aladen kuwa a mayar. Ya ce shi ya san ƙanwarsa tun tana tsirara, babu namijin da ta taɓa ba umarni ya tsallake, in akwai mai laifi ita ce, kuma duk mai ƙarfin hali ya je kabarinta ya karɓo tara. Mutane suka yi dariya, karo na farko a kwana goma. Mako uku bayan haka Filis ta haifi 'ya mace.

Edna ta ci gaba da tafiya, amma abubuwa sun sauya. An kafa ƙarfen sabis a kan tudun kansa, yanzu daga kan gado ake kiran Vila. Samarin da suka dawo daga waje sukan rubuta lambar waya a jikin buhu su ɗora a jirgi, mai saye ya karɓa a can, ba sai an raka ba. Kyaftin Obed ya ajiye aiki ya koma Tongoa, Kunkuru kuma an sayar da shi. Gida huɗu ne suka rage a hannunta, duk tsofaffi, waɗanda suka ce su ba za su damƙa kavar da suka yi shekara biyar suna reno ga wata murya da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ita ma gwiwa ta fara ba ta labari, hawa daga kwalekwale zuwa jirgi sai an ja ta ana turawa. Ta ce in shekarar nan ta ƙare ta sauka ke nan.

Da Jonas ya ji haka, sai aka ga yana tara duwatsu da gangar ƙarfe a gefen coci. Tanda yake gina mata, don ta taɓa cewa abin da take sha'awa a Vila burodi ne mai zafi da safe, kuma Lolsawa ba mai yi. Ranar Asabar da ta wuce ta je duba aikin da jikarta a baya. Ta zagaya tandar sau biyu, ta tsuguna ta leƙa ciki, ta ce bakin ya karkace, burodi zai ƙone ta gefe ɗaya. Jonas ya ce ƙasar wurin ce a karkace. Ta ce to ai sai ya gyara ƙasar. Ya dube ta, ya dubi tandar, ya ɗauki shebur.